Gasassun 'Ya'yan Itatuwa da Kayan Ƙamshi: Abin Marmari Mara Nauyi ga Mai Juna Biyu

Daga Sashen Awon Ciki da Karɓar Haihuwa

 

A ɗakin awo, idan aka cire tambayar magani, babu tambayar da ta kai ta abinci yawa. Wata ta ce ba ta iya cin tuwo, wata ta ce ƙanshin miya ne ke tayar mata da zuciya, wata kuwa ta ce ita ba abin da ranta ke so sai zaƙi. A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan masu kwaɗayin zaƙi, kuma za mu koyi haɗa wani abin marmari mai sauƙi da 'ya'yan itatuwan da muke da su a gida.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu

Ni 'yar Birchi ce, cikin ƙaramar hukumar Kurfi, kusa da Dutsin-Ma. Wata bazara na je ganin gida, na tarar da matar ƙanena da ciki wata 6. Laulayi ya wahalar da ita a farkon cikin, saboda haka mijinta ya saba shigo mata da lemon kwalba, ɗaya da rana ɗaya da dare, don dai ta sami abin da zai zauna mata. Laulayi ya wuce, amma lemon bai wuce ba. Ga shayi mai kauri da safe, ga alewa da cincin a ɗaki. A tsakar gidan kuwa mangwaro ne ke zuba, awaki na ci.

Da na duba katinta na awo, sai na ga an rubuta cewa an sami sukari a fitsarinta, an kuma ce ta je a gwada jininta, amma ba ta je ba. Na ce mata ga mangwaro nan, me zai hana ta maye gurbin lemon da shi? Sai ta ce, "Yaya, wallahi na gaji da shi, kuma ni abu mai ɗumi mai ƙamshi nake so." A ranar muka ɗora tukunya da yashi, muka gasa mangwaro da ayaba da 'yar citta da kirfa. Ta ci ta nemi ƙari. Washegari muka tafi gwajin jini, likita ya tsara mata abinci, ta ci gaba da zuwa awo har Allah Ya sauke ta lafiya.

Ban kawo wannan labari don in ce gasasshen mangwaro magani ba ne. Abin da ya yi mata shi ne ya ba ta abin da za ta riƙe a lokacin da aka ce ta saki lemon kwalba. Hana mai ciki zaƙi ba tare da an ba ta madadinsa ba, yawanci ba ya ɗorewa.

Me ya sa muke damuwa da sukari a lokacin ciki?

Idan mace ta sami ciki, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda jiki zai yi amfani da shi. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Na wasu kuwa ba ya iyawa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ake kira ciwon sukari na masu juna biyu. Ya fi bayyana daga tsakiyar ciki, shi ya sa ake yin gwajinsa tsakanin mako na 24 da na 28.

Ba shan zaƙi kaɗai ke kawo shi ba. Akwai gado, da ƙiba, da yawan shekaru, da kuma wadda ta taɓa samunsa a cikin baya. Amma yawan shan sukari yana ƙara wa jiki nauyin da yake fama da shi. Idan ba a kula ba, jariri na iya girma fiye da kima, ya kai kilo 4 ko fiye, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗarsa ta maƙale, ko a kai ga yin tiyata. Bayan haihuwa sukarin jinin jaririn na iya faɗuwa. Ita ma uwar tana cikin haɗarin hawan jini, da kamuwa da ciwon sukari na dindindin nan gaba. Ga matar da ke zaune a ƙauye, wadda sai an nemi mota kafin a kai ta babban asibiti, doguwar naƙuda ba ƙaramin abu ba ce.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga baligi wannan ya kama kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa idan aka rage zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. To, kwalbar lemo mai santilita 50, irin baƙin nan da aka fi sha, tana ɗauke da sukarin da ya kai cokali 12 zuwa 13. Ke nan kwalba ɗaya ta cinye rabon yini guda, tun ba a yi maganar shayi da kunu da fura ba. A wannan lissafi zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk sukari ne. Wanda ba ya ciki shi ne sukarin da ke jikin ɗan itacen da aka ci da tsokarsa.

Dalili kuwa shi ne, 'ya'yan itace suna da zare-zaren da hanji ba ya narkarwa. Su ne ke sa sukari ya riƙa shiga jini a hankali, su sa a ji an ƙoshi, su kuma tausasa bayan gida. Wannan babban taimako ne, domin taurin bayan gida da basir suna damun masu ciki ƙwarai, musamman masu shan maganin ƙarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a kullum.

Me ya sa za a gasa?

Wata za ta ce, tunda ana iya cin mangwaro haka nan, mene ne na wahalar hura wuta? Gaskiya ne, cin ɗan itace yadda Allah Ya halicce shi, bayan an wanke shi, shi ne kan gaba, kuma kada a daina. Amma gashi yana da nasa amfanin:

1. Zafi yana ƙone wani ɓangare na ruwan ɗan itacen, sai zaƙinsa ya fito sosai ba tare da an zuba sukari ba.
2. Yana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da zazzaɓin taifot, waɗanda ƙuda da ruwa mara tsabta ke bari a jikin kayan marmari.
3. Yana tausasa gwaba da abarba, su yi sauƙin tauna ga wadda dasashinta ke ciwo ko jini.
4. Ba a bukatar mai. Soyayyen abu irin su cincin da dubulan da fanke yana daɗewa a ciki, yana kuma tayar da ƙwannafi.
5. Yana hana asara. Ayabar da ta fara laushi da mangwaron da ya yi yawa a gida duk suna shiga.

Abin da ake rasawa shi ne wani ɓangare na bitamin C, domin ba ya jure zafi. Shi ya sa ba ma daɗewa ana gashin, kuma muke matsa lemon tsami bayan an sauke.

Kayan ƙamshi: ɗanɗano ne, ba magani ba

Kayan ƙamshin da za mu yi amfani da su uku ne: citta, kirfa da kanumfari. Dukkansu asalinsu daga nahiyar Asiya ne, amma sun daɗe a ƙasar Hausa har sun zama 'yan gida. Sunayen kirfa da kanumfari ma daga Larabci muka aro su, alamar cewa ta hannun fatake suka iso mana. Amfaninsu a wannan haɗi shi ne, ƙamshinsu na sa harshe ya gamsu ko da babu sukari. Sai dai kowannensu yana da iyaka, kuma a nan nake so a saurara da kyau.

Citta. Ita ce ta fi kusa da mu, domin ana noma ta da yawa a kudancin Jihar Kaduna, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko. A cikin ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, an ambaci citta cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya a farkon ciki. Adadin da aka fi gwadawa shi ne kimanin giram 1 na garinta a rana, wato wajen rabin cokalin shayi, a rarraba shi. Idan ta yi yawa tana ƙara ƙwannafi. Wadda ke zubar jini, ko take shan maganin tsinka jini, ta tambayi likita kafin ta riƙa amfani da ita kullum.

Kirfa. Ɓawon itace ce, kuma iri biyu ce. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, mai siririn ɓawo da aka naɗe kamar takarda, tana karyewa da hannu. Akwai kuma mai kauri mai tauri da ake kawowa daga Sin da Indonesiya da Biyetnam, ita ce ta fi yawa a kasuwa. Wannan ta biyun tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda ke iya taɓa hanta idan ana shan sa da yawa na tsawon lokaci. Cokalin shayi guda na garinta a kullum na iya kai mace iyakar abin da masana suka yarda da shi. Rabin cokali a kwanon mutum huɗu kuwa ba shi da matsala. Ana yawan cewa kirfa na maganin ciwon sukari. Kada wannan magana ta sa wata ta bar maganin da likita ya rubuta mata, ko ta riƙa dafa kirfa tana sha kofi-kofi.

Kanumfari. Furen itace ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, daga baya aka kai shi Zanzibar da Pemba a gabashin Afirka. Yana da ƙarfi sosai, ƙwaya 3 sun isa kwano guda. A sa shi ɗungurungum don a iya tsince shi kafin a ci. Ina jan hankalin masu jiƙa kanumfari su kwana suna sha, ko suna tsarki da ruwansa da sunan maganin sanyi. Mai ciki ta guji wannan. Idan akwai ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari, a zo asibiti a duba. Haka nan man kanumfari ba na sha ba ne.

Wadda ke son gyaɗar ƙamshi tana iya goga ɗan kaɗan, abin da bai wuce a ɗiba da yatsu biyu ba, domin yawanta na sa jiri da bugun zuciya. Ƙa'idar dai guda ce: abin da ake barbaɗawa a girki don ɗanɗano ba shi da laifi, amma abin da ake jiƙawa ko dafawa a sha a matsayin magani sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Kayan da ake bukata (na mutum 4)

Mangwaro nunanne amma mai ɗan ƙarfi, guda 2
Ayaba nunanniya, guda 2
Gwaba guda 2, ko kwatar abarba
Lemon zaƙi guda 1
Lemon tsami, rabi
Ɗanyar citta da aka goga, rabin cokalin shayi, ko kwatan cokali na garinta
Garin kirfa, rabin cokalin shayi
Kanumfari, ƙwaya 3
Soyayyar gyaɗa mara gishiri, cikin tafin hannu ɗaya
Riɗi, babban cokali 1
Dabino guda 2, ga wadda ke so
Kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara, ludayi 1

Ba sai an haɗa duka 'ya'yan itatuwan ba. Iri biyu ma sun wadatar.

Wajen saye, a kula da mangwaro da ayabar da aka nunar da kabaid, sinadarin nan na masu walda. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haɗarinsa. Irin wannan za ki ga bayansa ya yi rawaya fes, cikinsa kuwa da tauri da tsami, ba ƙamshi, wani lokaci da farin gari-gari a jikinsa. Wanda ya nuna a bishiya, ko aka rufe a gida ya nuna da kansa, shi ya fi. Gyaɗa kuma a tsince ta, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko take da ɗaci, domin irinta na ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe gubar.

Yadda ake haɗawa

Ba sai da oben ba. Yadda mata ke gasa kek a tukunya da yashi, haka za a yi.

1. Ki wanke hannuwanki da sabulu. Ki wanke 'ya'yan itatuwan da ruwa mai tsabta tun kafin ki fere, ki wanke wuƙa da faranti. Kada ki yi amfani da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita sai an wanke ta sosai.

2. Ki sami babbar tukunya mai murfi, ki zuba wankakken yashi busasshe, kaurinsa kamar yatsu biyu. Ki ɗora a kan garwashi ko risho ko gas, ki rufe, ki bar ta ta yi zafi na minti 10. Wutar ta zama matsakaiciya.

3. Kafin nan ki fere mangwaro ki yanka shi manya-manya. Ayaba ki yanka ta da kauri, domin siririn yanka narkewa yake. Gwaba ki raba ta huɗu ki ƙwaƙule 'ya'yan, amma ki bar ɓawon. Abarba ki cire ƙwayar tsakiya mai tauri.

4. Ki zuba su a kwanon silba ko na tasa wanda zai shiga cikin tukunyar. Ban da roba, ban da gwangwanin da aka taɓa zuba fenti ko maganin ƙwari.

5. Ki matse lemon zaƙi a kofi, ki tace 'ya'yan, ki zuba citta da kirfa ki juya. Ki kwarara a kan 'ya'yan itatuwan, ki jujjuya a hankali. Ki cusa kanumfarin a wurare uku. Idan za ki sa dabino, ki cire ƙwallon, ki yanka ƙanana ki barbaɗa.

6. Ki ɗora kwanon a kan yashin, ki rufe tukunya. Idan da garwashi kike, ki ɗebi kaɗan ki zuba a kan murfin don zafi ya zo ta sama da ƙasa.

7. Bayan minti 15 ki buɗe. Ki daddaka gyaɗa sama-sama, ki haɗa da riɗi ki barbaɗa a kai, ki sake rufewa na minti 10. Mai oben ta sa shi a digiri 180, ta gasa na minti 20 zuwa 25.

8. Alamar ya yi ita ce, ruwan na tafasa a gefen kwano, ya ɗan yi kauri, cokali na shiga gwabar ba wuya, amma yankan bai dagargaje ba. Ki sauke da tsumma mai kauri, ki tsince kanumfarin, ki bari ya huce na minti 10.

9. Ki matsa lemon tsami, ki raba huɗu, ki ɗora cokali biyu na kindirmo a kan kowane.

Idan ya yi ruwa da yawa, ki buɗe murfin a minti 5 na ƙarshe. Idan ƙasan na kamawa, wuta ta yi yawa ko yashin ya yi kaɗan.

Hattara da wuta: kada a shiga da garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko da sanyin hunturu ne. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe uwa da abin da ke cikinta. A yi gashin a tsakar gida ko madafi mai iska. Tukunyar yashi tana da nauyi, mai tsohon ciki ta bari wani ya ɗaga mata.

Kowane lokaci da abinsa

Da bazara, daga wajen watan Maris zuwa Yuni, mangwaro ya wadata, shi da ayaba sun isa. Mangwaro na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Daga ƙarshen damina zuwa kaka gwaba ce ke araha, kuma bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemon zaƙi kusan sau huɗu. Da hunturu ana iya yanka dankalin Hausa ko kabewa ƙanana a haɗa da ayaba, sai dai a fara turara su na minti 10 domin sun fi daɗewa kafin su nuna. Tuffa na gasuwa da kyau, amma tsadarta ba ta sa ta fi gwaba amfani ba. Kankana da lemon zaƙi ba na gashi ba ne, a sha su haka nan.

Game da gwanda: nunanniya sosai ba ta da laifi. Ɗanya ko wadda ba ta gama nuna ba, mai farin ƙaro, ita ce mai ciki za ta guje wa, domin ana jin tsoron ƙaron na iya motsa mahaifa.

Nawa za a ci, kuma yaushe?

Rabon mutum ɗaya shi ne ƙaramin kofi guda, sau ɗaya a rana. Ya fi dacewa da hantsi ko la'asar, tsakanin manyan abinci, lokacin da kwaɗayi ya fi tasowa. Ba ya maye gurbin tuwo da miyar ganye, da wake, ƙwai, kifi ko nama. Maganar da ake yi cewa mai ciki ta ci abincin mutum biyu ba haka take ba. Ƙarin da ake bukata kaɗan ne, kuma daga wata na huɗu yake farawa. Abin da ake so shi ne a inganta abincin, ba a ninka shi ba.

Mai fama da ƙwannafi ta rage citta da lemon tsami, ta ci kaɗan-kaɗan, kuma kada ta kwanta sai bayan awa 2 zuwa 3 da cin abinci.

Maganin ƙarin jini da folik asid da ake ba ku a wurin awo, a ci gaba da shan su kullum. Bitamin C na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin, shayi kuwa yana hana shi. Saboda haka a sha maganin da ruwa tare da gwaba ko lemon zaƙi, a jinkirta shayi na awa ɗaya ko biyu.

Abin da ya rage, idan babu firiji, kada ya wuce awa 2 a ajiye, musamman da zafin bazara. Gara a yi daidai wanda za a cinye.

Tambayoyin da ake yawan yi mana

An ce ina da ciwon sukari na masu ciki, zan iya ci?
'Ya'yan itace ma suna da sukari, kuma gashi ba ya rage shi. Ki cire dabino, ki rage ayaba da mangwaro, ki yawaita gwaba, ki ci rabin kofi tare da gyaɗa da kindirmo. Amma kafin nan ki nuna wa likitanki ko jami'in tsara abinci, domin kowace da ma'auninta.

Zan iya sa zuma maimakon sukari?
Zuma ma tana ɗaga sukarin jini. Idan 'ya'yan itacen sun nuna ba a bukatar ta. Kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki.

An ce abarba na zubar da ciki.
'Yan yanka da ake ci a matsayin abinci ba a tabbatar suna jawo ɓari ba. Abin da ta fi yi shi ne tayar da ƙwannafi. Wadda hankalinta bai kwanta da ita ba ta bar ta, ga gwaba nan.

Nonon da ake tallarsa fa?
Madarar da ba a tafasa ba na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi masu jawo zazzaɓi da ɓari. Ki tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, kuma ba a sirka shi da ruwan da ba a yarda da shi ba. Idan babu tabbas, ki ci abinki haka nan.

Mai jego za ta iya ci?
Ƙwarai kuwa, yana ma taimaka mata wajen bayan gida. Amma tunda an zo maganar jego, a bambanta kayan ƙamshi da kanwa. Tun a 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa binciken da suka yi a Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, inda suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya. A yi wa mai jego kunu da citta da kanumfari daidai misali, a bar kanwar. Shi kuwa jariri, nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo.

Kira ga magidanta da surukai

Maigida, kai ke cefane. Kuɗin da kake sayen kwalbar lemo biyu a rana, idan ka kai shi wurin mai kayan marmari, zai sayi abin da zai amfane ta ita da yaran gida. Tausayi ne ke sa ka sayo mata lemon, mun sani, to a juya tausayin zuwa inda zai yi amfani. Ka kuma ba ta izini da kuɗin mota ta je awo. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farko a cikin wata uku na farko.

Iyayenmu mata, surukai da kakanni, ku ne ke riƙe da madafi, musamman idan yarinya ta zo goyon ciki. Abin da kuka ce a ci shi ake ci. Muna roƙon ku da ku taya mu hana jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ake ba mai ciki don naƙuda ta zo da wuri. Mun sha karɓar waɗanda irin wannan ya jefa cikin wahala.

Alamomin da ba a jira da su

Babu abincin da ke maye gurbin asibiti. A garzayo da mai ciki, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini; ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi; kumburin fuska da hannuwa; jijjiga; zazzaɓi mai zafi; fashewar faya kafin lokaci; ciwon ciki mai tsanani; ɗa ya rage motsi ko ya daina; aman da ba ya barin ko ruwa ya zauna. Haka kuma wadda ke jin ƙishirwa mai yawa, da yawan fitsari fiye da yadda ta saba, da kasala, ta faɗa a wurin awo don a gwada sukarinta.

Kammalawa

Kwaɗayin zaƙi ba laifi ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Abin lura shi ne da me za a kashe shi. Ki gwada wannan haɗi sau ɗaya a wannan mako da duk ɗan itacen da ke kusa da ke, ki sa kayan ƙamshi daidai yadda aka faɗa. Idan kin zo awo na gaba ki ba mu labarin yadda ya yi, kuma ki zo da katinki da duk tambayar da ke ranki.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu zuri'a mai albarka. Amin.